Tarihin Makwancin Yara a Fadikpe ta Minna: Daga Tabarmar Kaba Zuwa Gado Mai Hawa Biyu

Ɗakin yara, wato ɗakin da ake ware wa 'ya'ya su kaɗai a cikin gida, a zuba masa gado da ma'ajiyar tufafi da teburin karatu, baƙon abu ne a tsarin gidan Bahaushe, kuma ko a garuruwa irin su Minna, inda rayuwar albashi da zaman gidan haya suka daɗe da kafuwa, bai wuce tsara biyu ko uku da samun gindin zama ba. Magabata ba su bar kwanan yara kara zube ba, domin suna da tsari mai ƙarfi a kansa, sai dai an gina tsarin ne bisa shekarun yaro da jinsinsa da dangantakarsa da manyan gida, ta yadda yaro kan sauya makwanci sau uku ko huɗu kafin ya balaga, ba tare da an taɓa kiran wani ɗaki da sunansa ba. Yadda aka tashi daga wancan tsari zuwa na yau, da yadda masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta neman dabarar shimfiɗa wa 'ya'yansu da ɗan abin da ke hannu, tarihi ne da ake iya karantawa a ɗakunan unguwa ɗaya kamar Fadikpe.

Fadikpe tana ɓangaren yammacin Minna, kusa da Kpakungu da Dutsen Kura, a cikin jerin unguwannin da gari ya haɗiye bayan ya tumbatsa daga tsohuwar cibiyarsa ta bakin tashar jirgin ƙasa. Ƙasar tun asali ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma layin dogo ne ya mayar da Minna gari, domin an fara aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, ya isa Kano a 1911, sa'an nan aka haɗa shi da layin da ya taso daga Legas a nan Minna. Da jirgin ya zo sai leburori da 'yan kasuwa suka biyo shi, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, kowa da irin ginin garinsu da irin shimfiɗarsa. Tumbatsa ta biyu ta zo a 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta, ma'aikatan gwamnati suka kwararo suna neman ɗakin haya. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Chanchaga kaɗai, wadda ta ƙunshi tsakiyar gari, ta haura mutum 200,000. Saboda haka gidajen Fadikpe ba su da doguwar katanga da manyan zauruka irin na birnin Zariya ko Katsina. Galibinsu gidajen bulo ne masu rufin kwano, kuma al'adun kwanan da mazaunansu suka zo da su sai da suka lanƙwasa kafin su shiga cikinsu.

A gidan gargajiya na Hausawa, kamar yadda masu nazarin gine-gine irin su Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya yi bincike a gidajen Zariya, da Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, suka bayyana, mai shiga yakan fara da zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, ya wuce ƙofar gida, wato filin da ke tsakanin zaure da shigifa, kafin ya kai cikin gida, inda kowace matar aure ke da ɗakinta, maigida kuma ke da turakarsa idan yana da hali. Rabon ɗakuna yana bin matan aure ne, kuma yaro yana shiga lissafi ta hanyar uwarsa ko wadda ke riƙonsa. Jariri yana kwana a jikin uwa har zuwa yaye, wanda akan yi idan ya kusa shekara biyu, kuma ranar yaye akan ɗauke shi a kai shi wurin kaka ko gwaggo, domin ya manta da nono, wani lokaci kuma zaman ya zarce ya zama riƙo na dindindin. Ɗan fari ma ya fi kowa saurin barin ɗakin uwa, saboda kunyar da al'ada ta ɗora wa iyaye a kansa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga shi a 1954, cike yake da labarin irin wannan riƙo, inda yara ke tashi a ɗakin da ba na mahaifiyarsu ba kuma babu mai ganin hakan a matsayin rashi.

Sauyi na gaba yana zuwa ne ga namiji bayan kaciya, wadda a da akan yi wajen shekara bakwai zuwa sama, domin daga nan ake ganin bai kamata ya ci gaba da kwana a ɗakin mata ba, sai ya koma zaure ko wani ɗaki a ƙofar gida tare da sa'o'insa na gidan da na maƙwabta, ko kuma a kai shi almajirci ya kwana a zauren malam. Mace kuwa tana zama a ɗakin uwa ko na kaka har ranar da za a kai ta ɗakin miji. Wannan rabo ya sami ƙarfi daga addini, domin hadisin da ke cikin Sunan Abi Dawud ya umarci iyaye su koya wa yara salla tun suna shekara bakwai, su tsananta a kanta a shekara goma, su kuma raba musu shimfiɗa, kuma Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya kawo wannan magana a gabatarwar Risala, littafin fikihun Malikiyya da ɗaliban ilimi ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnoni da suka wuce. Abin lura shi ne shimfiɗa aka ambata, kuma wannan ya sa hukuncin ya zama mai yiwuwa ga talaka, tun da mai ɗaki ɗaya ma yana iya sayen tabarma ta biyu. Aya ta 58 ta Suratun Nur kuma ta koyar da yara neman izini kafin su shiga wurin manya a lokuta uku na hutawa.

Kayan kwanan da kansu ba su da yawa, kuma kusan dukkansu daga gona da daji suke fitowa. Tabarmar kaba, wadda ake saƙawa da ganyen goriba, ita ce shimfiɗar yaro ta farko, ana naɗe ta da safe a jingine a kusurwa, a shanya ta a rana idan an yi fitsarin kwance, kuma idan ta tsufa a mai da ita shimfiɗar shanya kuka ko kuɓewa. Almajiri yana da buzu, wato fatar tunkiya ko rago da aka jeme da gashinta, wanda yake zama a kai ya yi karatu ya kuma kwanta a kai da dare. Akwai gadon kara, da ake ɗaurewa da karan dawa bayan girbi, akwai kuma gadon ƙasa, wato dandamalin da ake ginawa da laka a cikin ɗaki a bar masa rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi lokacin hunturu, kuma a kansa tsofaffi da masu jego da ƙananan yara ke samun ɗumi. Mayafi shi ne gwado, saƙar hannu ta auduga mai kauri, ko tsohon zanin uwa. Masu hali sukan yi katifa da audugar rimi: a tara 'ya'yan rimi idan sun bushe sun fashe, a cire ƙwayoyin, a buge audugar da tsumagiya har ta tashi, a cusa ta cikin buhun yadi a ɗinke, a bi ta da zare a tsakiya domin kada ta taru a gefe ɗaya, kuma duk shekara ko biyu a farke a sake bugewa. Daɓen ɗaki kuwa aikin gayya ne na mata, inda ake zuba tsakuwa da jar ƙasa a yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi santsi da ƙarfin da yaro zai iya kwana a kanta ba ƙura.

A ƙasar Minna wannan tsari ya haɗu da fasahar masu ƙasa da maƙwabtansu. Matan Gbagyi sun shahara da ginin tukwane, kuma manyan tukwanensu sun kasance ma'ajiyar hatsi da ruwa, har da tufafi a wasu gidaje, tun kafin akwati ya yawaita. Daga cikin wannan al'ada Ladi Kwali ta fito, wadda a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, kuma hotonta ke kan takardar naira 20. Daga Bida da sauran ƙasar Nufe kuma akan kawo tabarmi masu launi da kujerun katako na sassaƙa, waɗanda suka shiga gidajen Hausawan Minna ta hanyar kasuwa da auratayya.

Ado kuwa, a ma'anar ƙawata ɗaki domin a gani a yaba, hakkin amarya ne. Jere, wato tsara kayan ɗakin amarya a jikin bango da kan gado da dangi mata ke yi kafin a kai ta, ya fara da ƙore da faifai da tukwane, daga baya tasoshin tagulla da kwanonin sha masu fenti, irin su fanteka da langa, suka maye gurbinsu, musamman daga tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da ake shigo da su daga ƙasashen waje kafin a fara ƙera su a Najeriya. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin rayuwar yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallan 'yan mata ke tafiya wajen tara waɗannan kaya, Barbara Cooper kuma ta bayyana matsayin kayan ɗaki a rayuwar matan Maradi. Ma'ana, yarinya tana yin ƙuruciyarta ne tana haɗa kayan ɗakin da za ta shiga nan gaba, alhali ita kanta a tabarma take kwana a gindin gadon uwarta. Daga nan ne aka sami hanyar da kayan kwanan yara suka bi tsawon ƙarni guda: suna saukowa ne daga ɗakin uwa. Idan mace ta sake gado, tsohon ya koma na yara. Idan katifa ta lotsa, a sauke ta ƙasa. Akwatin lefe ya zama ma'ajiyar kayan makaranta. Zanin da ya koɗe ya zama labule ko mayafi. Ba a cika fita kasuwa a sayo wa yaro wani abu sabo da sunan kayan ɗakinsa ba, kuma wannan ya shafi mai kuɗi da talaka kusan daidai.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari shi ne gidan bariki. Kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati an zana su ne domin mutum ɗaya da matarsa ɗaya, ba zaure, ba ƙofar gida, ba ɗakin kaka, kuma masu gina gidajen haya suka kwaikwayi wannan fasali da ɗakuna a jere suna kallon juna, kowane iyali ya kama ɗaki ɗaya ko ciki da falo, wato ɗakin kwana da ɗakin zama a gabansa, a yi tarayya a kicin da banɗaki. Ma'aikacin da ya baro danginsa a Bida ko Kontagora ko Kano ba shi da gwaggon da zai kai wa yaro ranar yaye, ba shi kuma da zauren da zai tura ɗa namiji idan ya tasa. Sai falo ya ɗauki aikin zaure: da rana wurin baƙi, da dare a ture kujeru a shimfiɗa wa yara. Ya kamata a lura cewa ko a Ingila, inda aka ɗauko fasalin waɗannan gidaje, keɓe wa yara ɗaki bai zama ruwan dare a gidajen ma'aikata ba sai a ƙarni na 20, kuma dokar gidaje ta 1935 ta ƙasar ta ɗauki gida a matsayin mai cunkoso idan namiji da mace da suka kai shekara goma, waɗanda ba ma'aurata ba, suka zama dole su kwana ɗaki ɗaya, shekarun da suka yi daidai da waɗanda malaman fikihu suka daɗe suna ambata.

Masana'antu sun kawo sauyi na biyu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, ta sa yadin labule da zanin gado suka sauko inda mai ƙaramin albashi zai iya kaiwa. A 1959 iyalan Moukarim suka kafa masana'antar ƙera kayan ƙarfe da katako a Kano, inda ake yin gadajen ƙarfe, kuma daga ita kamfanin Mouka ya samo asali. Vitafoam kuma an kafa shi a 1962. Gadon ƙarfe mai rumfa ya zama abin alfaharin amarya, ya kuma dace da tsarin saukowar kaya daga ɗakin uwa zuwa na yara, domin ba ya karyewa, ana iya kwance shi a fitar rana a zuba masa ruwan zafi idan kuɗin cizo ya kama shi, kuma bayan shekara ashirin a yanke rumfar a ba yara. Katifar soso ta ture ta rimi saboda rashin nauyi da sauƙin samu, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, wanda ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata lokaci guda. Sai dai soso ya zo da matsalarsa, domin yana shan fitsari ya riƙe wari, abin da ya sa aka shiga lulluɓe katifar yara da leda, ita kuma leda a zafin Minna na watan Maris tana hana barci tana kawo ƙuraje. Iyaye mata da yawa sun gano cewa ga yaron da bai daina fitsarin kwance ba, tabarma da tsohon zani sun fi lafiya.

Amma abin da ya haifi tunanin ɗakin yara a matsayin buƙata, fiye da kowace masana'anta, makarantar boko ce. A watan Satumba na 1976, shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, kuma yaran da a da suke yini a gona ko talla suka fara dawowa gida da littattafai da kayan makaranta da aikin gida. Karatun allo ba ya neman kujera, domin almajiri yana zama a ƙasa ya ɗora allo a cinya. Rubutu da biro a littafi kuwa yana neman abin dogarawa da haske da wurin da ƙane ba zai yaga takarda ba. Makarantun kwana kuma suka koya wa tsara guda wani sabon fasalin ɗaki, wato gado mai hawa biyu, 'yar katifa mai faɗin mutum ɗaya, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, da dokar gyara shimfiɗa kowace safiya. Waɗanda suka tashi a haka, da suka zama iyaye, su ne suka fara ganin ya kamata yaro ya sami gadonsa. Gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnatoci suka gina, irin na Bosso da Tunga, masu ɗakin kwana biyu ko uku, su ne suka fara ba ma'aikaci damar kiran ɗaki ɗaya ɗakin yara, ko da yake a aikace ɗakin yakan zama na yara da baƙi da buhunan hatsi gaba ɗaya.

Wannan buri ya zo daidai da lokacin da aljihu ya fara bushewa. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986, a mulkin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi kansa ɗan Minna ne, ya karya darajar naira, kayan kanti suka fi ƙarfin ma'aikaci, masaƙun Kaduna kuma suka yi ta ja da baya har galibinsu suka rufe a shekarun 2000. Daga nan gwanjo, wato tufafi da kayan gida da aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka shigo da su cikin dila, ya zama babbar hanyar samun zanin gado da bargo da labule da 'yar tsana. Jakar leda mai layi-layi da aka laƙaba wa suna Ghana-must-go bayan korar baƙi ta 1983 ta maye gurbin adaka, wato akwatin kwano na da, a matsayin ma'ajiyar tufafin yara, domin tana da araha kuma tana shiga ƙarƙashin gado. Kafinta da mai walda na bakin titi suka karɓi aikin da kamfanoni ke yi, kuma adashi, wato zubin kuɗi na karɓa-karɓa da mata ke yi a tsakaninsu, ya zama hanyar da ake biyansu.

Wanda ya leƙa ɗakin yara a gidan malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa a Fadikpe a yau zai tarar da waɗannan zamunna duka a wuri ɗaya. A ƙasa akwai siminti da aka lulluɓe da ledar ɗaki, wadda ake saya da awon yadi a Kasuwar Kure, an maƙale bakinta da gam inda ƙofa ke gogarta. A jikin bango ɗaya akwai gadon ƙarfe mai hawa biyu, babban yaro a sama ƙarami a ƙasa, a bayan ƙofa kuma an jingine wata katifa da ake shimfiɗawa da dare a ɗauke da safe. An buga ƙusoshi a jere a kan falankin katako domin rataye jakunkuna da kayan makaranta, an ɗaura igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, wadda ke ɗaukar gidan sauro da dare da tufafi da rana, aikin da ragaya, wato saƙar igiya da ake rataye ƙwarya a cikinta, ke yi a ɗakin kaka. Littattafai suna cikin kwalin taliya ko kwandon roba, allo da Alƙur'ani suna can sama inda ƙafa ba ta kaiwa, a gidan Kirista kuma Littafi Mai Tsarki da kalandar coci ne a wurin. Teburin karatu sau da yawa tsohon teburin keken ɗinki ne ko benci, fitilar caji ko ta sola kuma ta gaji fitilar ƙwai, tun da wutar lantarki ba ta da tabbas duk da cewa madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, tana cikin jihar. Idan akwai maza da mata kuma ɗaki ɗaya ne, sai labule ya raba shi, ko maza su koma falo.

Akwai hikima a jerin da irin waɗannan gidaje ke bi wajen kashe kuɗi, kuma ta cancanci a yaba mata: shimfiɗa ta kowa daban tukuna, sa'an nan gidan sauro, sa'an nan ma'ajiya, ado kuma a ƙarshe. Gidan sauro ya shiga jerin ne da ƙarfin gwamnati, bayan taron shugabannin Afirka kan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Abuja a watan Afrilu na 2000, da rabon gidajen sauro masu magani kyauta da aka faɗaɗa daga 2009, kuma a gari mai doguwar damina da kwatoci a buɗe babu wani kayan ɗaki da ya kai shi amfani ga yaro. Inda gidajen haya suka gaza shi ne iska. Magina kan bar taga ɗaya ƙarama domin rage kuɗi, rufin kwano marar sili yana tara zafin rana ya sake shi da dare, kuma cunkoson masu barci a ɗaki marar iska na cikin abubuwan da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa a lokacin zafi, cutar da ta yi ɓarna a Arewa a 1996 ta kuma sake taɓa Jihar Neja a 2017. Tsohon gida yana da maganin wannan, domin da bazara kowa tsakar gida yake kwana. A gidan haya kuwa tsakar gida ta kowa ce, kuma tsoron ɓarayi ya sa ana kulle yara a ciki. Kuɗin da za a kashe a fasa taga ta biyu a sa mata raga ya fi na fenti amfani nesa ba kusa ba, amma mai haya ba shi da ikon fasa bangon da ba nasa ba.

Adon bango shi ne ɓangaren da ya fi saurin sauyawa. A da farar ƙasa ake shafawa kafin salla, daga baya fentin ruwa mai araha ya zo, aka riƙa manna taswirar baƙaƙe da lambobi da ake saya a bakin makaranta, da kalandar bara, da zanen da yaro ya yi da hannunsa. Gidaje da yawa na Musulmi sukan guji hoton mai rai su zaɓi rubutun addu'ar kwanciya barci ko zanen furanni. Zuwan wayar hannu da Facebook da Instagram ya kawo hotunan ɗakunan yara na ƙasashe masu sanyi, masu kafet mai kauri da takardar bango da gado mai siffar mota, kuma wasu iyaye sukan matsa wa kansu su kwaikwaya. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Kafet a garin ƙura yana tara datti yana tayar wa yara tari, takardar bango tana ɓarewa da danshin damina, gado mai siffar mota kuma yaro yana wuce shi cikin shekara uku, ƙanwarsa ba za ta gaje shi ba. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne wurin karatun 'ya mace, domin a gidajen da ɗaki ya yi kaɗan namiji ne ke samun falo ko ɗakin waje, yarinya kuma ta ci gaba da zama a ɗakin uwa da ƙannen da take raino, ba ta da kusurwar da za ta ajiye littafi, ko da yake jarrabawa ɗaya suke zaunawa da ɗan'uwanta.

Tun daga cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a wata na gaba, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024 ɗin bai cim ma farashin katifa ba, tun da sinadaran yin soso daga waje ake shigo da su. Wasu gidaje sun koma tabarmar roba, wasu suna kai tsohuwar katifa a yanke lotsattsen wurin a sake mata riga. Wani sauyi mai zurfi kuma yana faruwa a ɗakin amarya, wanda zai shafi yara nan da shekaru kaɗan. Gado da sif na yanzu, wato dogon akwatin rataye tufafi, galibi da allon garin katako da aka matse da gam ake yin su, wanda kafintoci ke kira MDF, kuma wannan allo yana kumbura idan ya sha ruwa, ƙusa ba ta kama shi sau biyu, ga shi mai haya yana yawan tashi daga gida zuwa gida. Gadon ƙarfen kaka ya kwantar da 'ya'ya da jikoki, na yanzu kuwa sau da yawa ba ya kaiwa lokacin da ɗan fari zai shiga firamare, ga girmansa ma ya fi ƙarfin ƙaramin ɗaki. Saboda haka iyaye a Fadikpe da Kpakungu suna zuwa wurin mai walda da awon ɗakinsu a rubuce, su zaɓi kaurin bututun ƙarfe, su nemi a sa shinge a hawan sama da tsani a gefe, su ba da rabin kuɗi idan kwasar adashi ta zo kansu, sauran kuma a ƙarshen wata.